Katunan da ke Cikin Wayar Yaronku: Shawarwari ga Iyaye da 'Ya'yansu

Karta ba ta da farin jini a gidan Bahaushe, kuma da dalili, don kowa ya san inda take kai mutum. Shi ya sa idan uba ya leƙa waya ya ga yaro yana jera katuna masu hotuna da lambobi, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya ƙwace wayar. Wasu iyayen kuma ko leƙawa ba sa yi, sai ranar da alat ɗin banki ya shigo. Duka biyun da gyara.

Wannan irin wasa ya samo asali ne a Amurka a 1993, lokacin da wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙiro Magic: The Gathering a kan takarda. Sabon abin da ya zo da shi shi ne kowane ɗan wasa ya zo da nasa damin katin da ya tsinta ya haɗa da kansa, saɓanin Whot da kowa ke ɗiba daga tuli ɗaya. A watan Maris na 2014 kamfanin Blizzard ya fitar da Hearthstone a kwamfuta, a 2015 ya iso wayoyin hannu, wasu irinsa kuma suka biyo baya, ciki har da Marvel Snap a 2022. Da Hearthstone zan riƙa ba da misali, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi sauran. Ra'ayina a fili yake: a cikin wasan akwai lissafi da tsimi da ya kamata yaro ya amfana da su, a gefensa kuma akwai kasuwa da aka shirya musamman don ta tatsi aljihu. Gidan da ya san bambancin biyun zai iya ɗaukar ɗaya ya toshe ɗaya.

1. Ku zauna ku kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Mutum biyu ne ke karawa ta intanet. Kowa yana da jarumi mai rai 30 da dami mai kati 30, wanda yara ke kira dek. Wanda ya fara ƙarar da ran jarumin abokin karawarsa shi ya ci. Ba a jefa kati kyauta: kowanne yana da farashi da ake biya da wasu shuɗɗan duwatsun lu'ulu'u da ke jere a ƙasan allo. A zagaye na farko lu'ulu'u ɗaya ake ba mutum, a na biyu biyu, haka yake ƙaruwa har ya tsaya a goma, kuma kowane zagaye suna sake cika. Katunan galibi iri biyu ne, mayaƙa da ake ajiyewa a fili su yi faɗa, da katunan sihiri da ke aiki sau ɗaya su ɓace.

Ku dubi hotunan da kyau yayin da kuke kallo. Duniyar wasan ta dodanni ce da bokaye da matattu masu tashi, kuma a cikin labarin ana buga shi ne a wata mashaya. Hukumar da ke tantance wasanni a Amurka ta sa shi a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama. Akwai gidan da zai ga wannan kaɗai ya isa a ce a'a, kuma ba su yi laifi ba. Abin da nake so kawai shi ne a yanke hukuncin bayan an gani da ido.

2. Ku koya wa yaro karanta lambobi uku kafin ya dubi hoto.

Katin mayaƙi yana da lamba a sama ta hagu, wato farashi. Ɗaya a ƙasa ta hagu, ƙarfin duka. Ɗaya a ƙasa ta dama, yawan rai. Masu zana katunan ba da ka suke zuba waɗannan lambobi ba. A cikin katunan farko na wasan akwai ma'auni da ke fitowa fili: mayaƙin da ba shi da wata baiwa, idan aka haɗa dukansa da ransa, yakan ba da ninki biyu na farashinsa da ƙarin ɗaya. River Crocolisk farashinsa 2, duka 2, rai 3, jimla 5. Chillwind Yeti farashinsa 4, duka 4, rai 5, jimla 9. Boulderfist Ogre farashinsa 6, duka 6, rai 7, jimla 13.

Duk katin da ya zo da baiwa kuwa, daga jikinsa aka cire kuɗinta. Sen'jin Shieldmasta shi ma farashinsa 4, amma dukansa 3, ransa 5; ɗayan da aka rage shi ne ladan tsare ƙofa da yake yi, domin dole abokan gaba su fara da shi kafin su taɓa kowa. Gnomish Inventor farashinsa 4, duka 2, rai 4, ya rasa uku ke nan, a madadinsu yana jawo wa mai shi sabon kati daga dami. Tambayar da ya kamata yaro ya saba yi wa kowane kati ita ce: me aka cire masa, me aka ba shi, cinikin ya yi riba?

Jimla kaɗai ba ta wadatar, yadda aka raba ta ma abin dubawa ne. A ce Yeti yana fili, abokin karawa ya ajiye mayaƙi mai duka 3 da rai 2. Yeti ya kai masa sara, ya kashe shi, shi kuma ya sha 3, ya rage da rai 2, yana nan tsaye da dukansa 4 zai sake kashe wani. Kati ɗaya ya ci biyu. Sai a kwatanta da Magma Rager, mai farashi 3, duka 5, rai 1. Biyar ɗin nan tana ruɗar sabon ɗan wasa, alhali jarumin da ake kira Mage yana iya kashe shi da lu'ulu'u biyu ba tare da ya ɓata kati ko ɗaya ba. Masu zana wasan sun san da irin waɗannan raunanan katuna. Mark Rosewater, babban mai tsara katunan Magic, ya daɗe yana bayyana cewa kati marar kyau yana da aikinsa, ciki har da koya wa ɗan wasa rarrabe tsaba da tsakuwa. Ranar da yaro ya cire Magma Rager daga daminsa da kansa, ya kuma iya faɗin dalili, ya fara fahimtar wasan.

3. A haɗa dami bisa farashi, ba bisa kwarjini ba.

Nan ne kusan kowane sabon shiga ke faɗuwa. Ya ga manyan dodanni masu farashi 7 da 8 da 9, ya cika dami da su, aka fara wasa ya zauna zagaye huɗu hannunsa cike da katin da ba ya iya biya, kafin ya motsa an cinye masa rabin rai. Uwargida za ta gane wannan nan take, don lissafin cefane ne: wanda ya zuba kuɗin mako gaba ɗaya a kan nama zai rasa na gishiri da mai, girki kuma ba zai yiwu ba.

Allon haɗa dami yana nuna ɗan zane na yawan katin da ke kowane farashi. Shawarata ga mai farawa, cikin 30 ɗin, wajen 10 zuwa 12 su kasance masu farashi 1 ko 2. Wasu 12 ko makamancin haka masu 3 zuwa 5. Ragowar, waɗanda ba su wuce biyar ko shida ba, su ne manya. Wannan ba doka ba ce, ƙwararru suna karya ta idan suna da dalili, amma tana hana zaman banza a farkon wasa. Manufar ita ce a kowane zagaye a kashe lu'ulu'un da aka samu, domin wanda ba a kashe ba ba ya taruwa, ya tafi ke nan. Wanda ya yi amfani da nasa duka daga zagaye na ɗaya zuwa na biyar ya zuba 15 a fili. Wanda ya tsallake na biyu da na uku ya zuba 10. Wannan tazarar ta biyar, sau da yawa ita ce ke raba gardama.

Kada kuma dami ya zama mayaƙa zalla. A sa katuna kaɗan masu kawar da babban mayaƙin abokin gaba, irin Fireball mai dukan 6 a farashi 4, da ɗaya ko biyu masu share fili idan an yi wa mutum taron dangi, da wasu masu jawo kati don kada hannu ya bushe.

4. Katin da ake dogara da shi a sa shi biyu.

Doka ta yarda a sa kowane kati sau biyu, in ban da mafi daraja, masu alamar ruwan lemo, waɗanda sau ɗaya ake sawa. Ga lissafin da za ku iya ba yaro ya yi a takarda. Wanda ya fara wasa yana karɓar kati 3, yana kuma jan ɗaya kowane zagaye, don haka a zagaye na biyar ya ga kati 8 cikin 30. Idan katin da yake nema guda ɗaya ne a dami, damar ya zo hannunsa zuwa lokacin kusan 27 cikin 100 ce. Idan biyu ne, ta haura zuwa kusan 47. A zagaye na goma, bayan ya ga kati 13, guda ɗaya yana da 43 cikin 100, biyu kuma 69.

A nan akwai abin lura ga mai riƙe da kuɗin gida. Katin nan mai tsada da yaro ke kuka a kansa, a fiye da rabin wasannin da zai buga ba zai ma gan shi ba har zagaye na goma, kuma wasanni da yawa kafin nan sun ƙare. Ƙananan katunan da ake sawa bibbiyu su ne ke ɗauke da nauyin dami.

5. Dami ya san abin da ya fito yi.

Ku tambayi yaro, “Da me wannan damin naka yake cin wasa?” In ya kasa amsawa a jimla ɗaya, katuna ne kawai ya tara. Manyan hanyoyi uku ne. Akwai damin gaggawa, mai ƙananan mayaƙa masu araha, wanda ke son gama aiki wajen zagaye na shida ko bakwai kafin abokin karawa ya shirya. Akwai damin haƙuri, wanda ke kashe duk abin da aka ajiye masa, yana warkar da jaruminsa, har sai hannun ɗayan ya ƙare sannan ya fito da manyansa. Akwai damin haɗi, wanda ke ɓoye wasu katuna uku ko huɗu a hannu, ranar da suka cika ya sauke su lokaci guda ya gama wasa. A bisa yawanci mai gaggawa yana cin mai haɗi don bai ba shi lokaci ba, mai haɗi yana cin mai haƙuri don shi ya ba shi lokaci, mai haƙuri kuma yana cin mai gaggawa. Da gangan aka tsara haka, don kada dami ɗaya ya gagari kowa.

Ga gidan da ke lissafin kuɗi da lokaci da data, damin gaggawa ya fi dacewa. Katunansa sun fi araha, wasansa ya fi saurin ƙarewa, kuma yana koyar da lissafin kai, tunda kullum mutum yana ƙirga sauran ran abokin gaba da dukan da ke hannunsa. Wasu suna raina shi su ce na marasa tunani ne. Ban yarda ba. Sanin lokacin da za a kai wa jarumi duka da lokacin da za a tsaya a kashe mayaƙinsa yana daga cikin hukunci mafi wuya a wasan.

6. Katin farko ba dole ba ne.

Kafin a fara, ana ba kowa dama sau ɗaya ya mayar da katin da bai so a canza masa. Yara da yawa suna danna amincewa ba tare da dubawa ba. Ƙa'ida mai sauƙi: duk abin da ya wuce farashi 3 ko 4 a mayar, ko da shi ne abin alfaharin damin. Wanda ya zo na biyu kuma kada ya yi ƙorafi, domin ana ba shi kati 4 maimakon 3, da wani kati mai suna The Coin da ke ƙara masa lu'ulu'u ɗaya sau ɗaya. Haka masu wasan suka rage fifikon mai farawa. A kula da iyakoki biyu: hannu ba ya ɗaukar fiye da kati 10, na sha ɗaya ƙonewa yake yi, idan dami ya ƙare kuma, kowane ja yana cin ran jarumi, 1, sai 2, sai 3, har ya mutu.

7. Kada a zuba dukiya a kan katin da kowa ke kuka da shi.

Wannan shi ne babban bambancin katin waya da na takarda. Na takarda idan an buga shi an buga, sai dai a hana amfani da shi a gasa. Na waya kuwa kamfani yana iya sake rubuta shi cikin dare, mutum ya wayi gari ya tarar da abin da ya mallaka ya canza. Kuma suna yi. Leeroy Jenkins, mai duka 6 da ke kai hari nan take, farashinsa 4 ne, a watan Satumba na 2014 aka mai da shi 5, saboda ana haɗa shi da wasu katuna a kashe mutum daga rai mai yawa ba tare da ya iya kare kansa ba. Undertaker, ɗan ƙaramin kati mai farashi 1, yana ƙara duka da rai duk lokacin da aka ajiye wani irin mayaƙi, har ya zama wanda ya same shi a hannun farko ya kusa cin wasa; a Janairun 2015 aka cire masa ƙarin ran. A Oktoban 2015 aka sauya katin Warsong Commander gaba ɗaya, damin Patron Warrior da ya mamaye gasa ya rasa makaminsa mafi kaifi. A Afrilun 2020 aka fito da sabon jarumi, Demon Hunter, ya yi ƙarfin da kwana ɗaya kacal bayan fitowarsa aka rage wa katunansa da dama ƙarfi.

Ku lura da ƙanƙantar gyaran a wasu lokuta. Lu'ulu'u ɗaya aka ƙara wa Leeroy, amma a wasan da iyakarsa goma ce, ɗayan nan yana nufin wani katin da ake haɗa shi da shi ba zai ƙara shiga zagaye ɗaya da shi ba.

Blizzard yakan mayar da cikakkiyar ƙura, wato abin da ake ƙera kati da shi a wasan, ta katin da aka raunana, na ɗan lokaci, yawanci mako biyu. Sai dai katin da aka taɓa kaɗai ake biya. Sauran katuna 28 da aka ƙera don su yi masa rakiya, babu mai biyan su. Don haka idan sabon rukunin katuna ya fito, a jira mako biyu ko uku ƙura ta lafa kafin a ƙera komai.

Akwai kuma wani canji da ke tafiya a hankali, wato sababbin katuna su riƙa fin tsofaffi. A 2015 aka fitar da Ice Rager, farashi 3, duka 5, rai 2, wanda ya fi Magma Rager ta kowace fuska. Kamfanin da ke fitar da manyan rukunai uku a shekara yana bukatar sabo ya fi tsoho jan hankali. Ya kamata yaro ya san cewa sha'awar da yake ji ta sabon kati an yi aiki a kanta ne kafin ta iso gare shi.

8. Fakitin da ba a san abin da ke ciki ba, kada a saye shi da kuɗin hannu.

Nan ne na fi damuwa. Fakiti ɗaya kati biyar ne a rufe. Darajar kati hawa huɗu ce, ana gane ta da launin ɗan dutsen da ke tsakiyarsa: fari, shuɗi, shunayya, ruwan lemo. An tabbatar wa mai buɗewa aƙalla shuɗi ɗaya, sauran sai abin da ya samu. Da ƙasar Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana alƙaluman irin wannan ciniki a 2017, Blizzard ya sanar cewa a matsakaici mai shunayya yana fitowa sau ɗaya a fakiti 5, mai ruwan lemo sau ɗaya a fakiti 20. Ko ya fito ma, ba lallai ya zama wanda ake nema ba.

Ku kalli yadda ake buɗe shi. Fakitin ya fashe da haske, katuna biyar su jeru a kife, yaro ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, in mai daraja ya fito a ji murya ta yi shela. Ba don ado aka yi wannan ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Wasu ƙasashen ba su kai nan ba, kamfanoni kuma suna cewa ai kowane fakiti yana ba da wani abu. Hukuncin shari'a a kan wannan na malamai ne, kuma ya dace maigida ya tambaya. Ni dai abin da nake gani, biyan kuɗi a kan abin da ba a sani ba da fatan a dace, sannan a sake biya idan ba a dace ba, ɗabi'a ce da bai kamata yaro ya saba da ita ba ko da halal ce.

Kuma ba a bukatar hakan. Ana samun zinaren cikin wasa ta hanyar kammala ayyukan rana da na mako, zinare 100 yana sayen fakiti. Tun 2020 ana ba sabon shiga dami cikakke kyauta. Tun 2021 akwai rukunin Core da ake ara wa kowa ba ko sisi. Tun 2017 an tabbatar da mai ruwan lemo ɗaya a cikin fakiti goma na farko na kowane sabon rukuni, saboda haka mai tsimi yakan tara zinarensa ya buɗe waɗannan goman idan rukuni ya fito.

9. Ƙura tana da wuyar samu, a san inda za a sa ta.

Ana iya niƙe katin da ba a so ya zama ƙura, a ƙera wanda ake so da ita. Ga farashin: ƙera fari 40, shuɗi 100, shunayya 400, ruwan lemo 1,600. Niƙewa kuma tana ba da 5, da 20, da 100, da 400. Wato sai an niƙe masu ruwan lemo huɗu kafin a ƙera ɗaya, farare kuwa takwas. Fakitin da aka fi samu, farare huɗu da shuɗi ɗaya, ƙurarsa 40 ce, sai an niƙe irinsa 40 kafin a kai 1,600. Yaron da ya niƙe katunansa cikin fushi bayan an ci shi ya yi asarar da ba ta dawowa.

A zaɓi jarumi ɗaya ko biyu cikin goma sha ɗaya da ake da su, a tsaya a kansu. A fara ƙera farare da shuɗɗa, da katunan da kowane jarumi ke iya amfani da su. A duba shekarar kati kafin a ƙera shi, domin tun 2016 an raba wasan gida biyu: Standard, inda katunan shekaru biyu na baya-bayan nan ke aiki, da Wild, inda komai ke shiga. Kowace shekara, wajen Maris ko Afrilu, tsofaffin rukunai suna fita daga Standard. Wanda ya ƙera katin tsohon rukuni a watan Fabrairu ya sayi abin makonni kaɗan ne.

10. A kulle ƙofar saye a waya, yau ba gobe ba.

Kada katin banki ya zauna a wayar da yaro ke riƙewa. A Google Play akwai inda ake sa waya ta nemi kalmar sirri a kowane saye, akwai kuma Family Link. A iPhone akwai Screen Time da tsarin da ke turo wa uba ko uwa neman izini kafin a biya. Shi ma asusun Battle.net na Blizzard yana da sashen iyaye da ke taƙaita lokaci da saye. Matsalar ba sabuwa ba ce: a 2014 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla miliyan 19, na sayayyar da yara suka yi ba da sanin iyayensu ba.

Ku kuma gaya wa yaro gaskiya cewa katunan nan ba mallakarsa ba ne. A Hearthstone ba a sayar da kati, ba a musaya, ba a ba ƙani kyauta. Ranar da kamfani ya kashe na'urorinsa, komai ya tafi. A Janairun 2023 wasan ya tsaya cak a ƙasar Sin saboda yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, bai dawo ba sai Satumban 2024. Kamfanin Valve ya fitar da Artifact a 2018, da hannun Richard Garfield kansa a tsarinsa, a 2021 aka daina aiki a kansa. The Elder Scrolls: Legends an rufe shi gaba ɗaya a Janairun 2025.

11. A yi yarjejeniya da adadin wasa, ba da agogo kaɗai ba.

Ba a dakatar da wasa a tsakiya, domin akwai mutum a ɗaya gefen yana jira, kuma kowane zagaye yana da ƙayyadadden lokaci da ya ɗan wuce minti ɗaya. Idan aka kira yaro ya ce “bari in gama”, ba raini ba ne kullum. Maganin shi ne kada a fara sabon wasa idan sallah ta kusa, ko abinci ya sauka, ko akwai aike, ko sabis yana rawa. A ce wasa uku bayan an gama aikin makaranta da na Islamiyya, in ukun sun cika a ajiye waya, an ci ko ba a ci ba.

A ƙara da doka ɗaya: an ci ka sau biyu a jere, tashi. Wasan yana haɗa mutum da sa'anninsa a ƙwarewa, saboda haka kowa yana shan kaye kusan rabin lokaci, damin da ke cin 55 cikin 100 ma ana lissafa shi cikin masu kyau. Yaron da bai san wannan ba zai ɗauka katunansa ne ba su isa ba, kuma daidai wannan lokacin ne hannu ke zuwa shagon wasan. Gara ku tambaye shi a wane zagaye wasan ya kuɓuce masa, da abin da zai canza.

Abokin karawa ba ya iya rubuto magana sai 'yan gaisuwar da aka tanada, su ma ana iya toshe su. Amma idan aka karɓi tayin abota, hira ta buɗe, kuma tayin da ke zuwa daga baƙo bayan an gama wasa sau da yawa zagi ne ke bayansa. Kada yaro ya karɓi na wanda bai sani ba a zahiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta ambata uku ne: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya kai wata goma sha biyu ake yanke hukunci. Yawancin masu wasa ba sa kaiwa nan. Amma idan barci ya lalace, karatu ya ja baya, sallah tana wucewa, kuɗi kuma sun fara ɓacewa a gida, kada ku jira shekara ta cika. Ku ajiye wayar, ku zauna da shi, in abin ya ƙi ku kai shi wurin likita.